Miranda

Miranda sunan zuri'a ne daga ƙasashen Sifaniya da Fotugal, kuma da shi ake kiran wata ƙa'ida ta tuhumar wanda ake zargi da laifi a Amurka. Asalinsa sunan gari ne. Akwai Miranda de Ebro a lardin Burgos na Sifaniya, akwai Miranda do Douro a arewa maso gabashin Fotugal. Wanda ya baro garin sai a riƙa kiransa da shi, jikoki su gada. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Haka Shagari da Gumi suka zama sunayen mutane, haka ɗan cirani daga jihar Damagaram yakan wayi gari a Kano ana ce masa Ɗan Magarya ko Na Dungas.

Sunan ya bi jiragen ruwa zuwa Kudancin Amurka, can kuma ya sake komawa sunan wuri. Francisco de Miranda, wanda aka haifa a Karakas a 1750, ya yi fafutukar ƙwato Benezuwela daga hannun Sifaniya, ya rasu a kurkuku a Cádiz a 1816. Jihar Miranda ta ƙasar sunansa ta ci.

Sai dai wanda ya kai sunan bakin duniya ba jarumi ba ne. A watan Maris na 1963 'yan sandan Phoenix, a jihar Arizona, suka kama Ernesto Miranda, ɗan shekara 22, bisa zargin sace wata budurwa da yi mata fyaɗe. Bayan tambayoyi na awa biyu ya sa hannu a takardar amsa laifi. Ba wanda ya gaya masa yana da ikon yin shiru ko neman lauya. Ƙarar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a ranar 13 ga Yuni 1966, ƙarƙashin Babban Alƙali Earl Warren, ta soke hukuncin ɗaurin da aka yi masa da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Tun daga nan, kafin a yi wa wanda ke tsare tambayoyi, dole a sanar da shi cewa yana iya yin shiru, duk abin da ya faɗa za a iya kafa hujja da shi a kotu, yana da ikon samun lauya, in ba shi da hali a ba shi. In ba a yi haka ba, furucinsa ba ya zama hujjar kama shi da laifi.

Shi kam bai tsira ba. An sake shari'ar a 1967 ba tare da takardar ba, aka sake ɗaure shi. Ya fito a 1972, aka daɓa masa wuƙa a wata mashaya a Phoenix a 1976, ya mutu. Ba a taɓa hukunta kowa a kan kisan ba.

Masu kallon fina-finan Amurka a Magarya da Dungas sun sha jin ɗan sanda na karanto waɗannan kalmomi, amma ba da wannan ƙa'ida jandarma ke aiki ba, domin tsarin shari'ar Nijar gadon Faransa ne. Abin da ya fi kusa da ita shi ne dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, wadda ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun lokacin da aka kama shi. A tsallaken iyaka kuwa, sashe na 35 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya gana da lauya.