Ciwon Sukari Nau'i na Ɗaya: Abin da Ya Kamata Kowane Gida a Zango Ya Sani

Ciwon sukari nau'i na ɗaya cuta ce da jiki ke daina samar da insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin abinci daga jini zuwa sassan jiki. Wata gaɓa ce a bayan tumbi, fankiriyas, ke yin sa. Ya bambanta da nau'i na biyu da muka saba gani wurin iyayenmu da kakanninmu. Wannan ya fi kama yara da matasa, kuma shan zaƙi ko ƙiba ba su ke kawo shi ba. Ba ya yaɗuwa, ba kuma jifa ba ne.

Alamominsa su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, rama duk da yaro na cin abinci, da kasala. Yaron da ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi, wani lokaci har kiyashi su taru a wurin. Idan aka yi jinkiri sai amai da ciwon ciki da numfashi mai nauyi su biyo, daga nan suma. A nan ake rasa yara, domin sau da yawa maleriya ko taifot ake zato, a yi ta sayen magani a kemis. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a ga yawan sukarin cikin minti guda. Iyaye, ku nemi a yi wannan gwajin, ko da ma'aikacin asibiti bai ambata ba.

Maganinsa allurar insulin ce kullum, har ƙarshen rayuwa. A 1921 aka gano insulin a Toronto ta Kanada, a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro. Kafin nan cutar kisa take yi. Addu'a da tofi suna da wurinsu, amma kada a ajiye allura saboda su, ko saboda sassaƙen mai magani a tasha. Zafi na lalata insulin. A sa shi a firij ba tare da ya daskare ba, in kuma wuta ta ɗauke, randa mai sanyi na taimakawa. Batun azumi sai an zauna da likita tukuna.

Bincike shi ne inda aka bar mu a baya. An daɗe ana koyar da cewa garkuwar jiki ce ke ruɗewa ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, amma akasarin wannan ilimi daga Turawa aka samo shi. A 2025 wani bincike kan matasa kusan 900 a Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu ya nuna cewa wajen kashi 65 cikin 100 ba su da alamar wannan hari a jininsu. Ke nan ana iya samun wani nau'i dabam a Afirka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin maganin teplizumab da Amurka ta amince da shi a 2022 don jinkirta cutar, garkuwar jiki yake wa aiki. In sanadin namu dabam ne, amfaninsa gare mu kaɗan ne, balle ga tsada.

Shi ya sa mu matasa muke neman likitoci da nas-nas da masu bincike 'yan Zango su zo su yi bayani da Hausa a masallatai da makarantun allo, su kuma faɗa mana yadda iyali ke shiga bincike da yardarsu. Ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, ta dace da haka. Mai yaro da irin waɗannan alamomi kuwa kada ya jira ranar. Asibitin Korle Bu a Accra na da cibiyar ciwon sukari, Komfo Anokye a Kumasi na duba yara masu shi, gwajin yatsa kuma ko a ƙaramin asibitin unguwa ana yi.