Yuraniyom da Hasashen Kuɗin Gwamnati a Jamhuriyar Nijar

Kafin kowace gwamnati ta tsara kasafin kuɗinta na shekara, sai ta fara ƙiyasta abin da zai shigo baitulmalinta. Wannan ƙiyasi shi ake kira hasashe. Akwai bambanci tsakanin kalmomin biyu da ya kamata a lura da shi: kasafi rabo ne, wato a ce ga kason ilimi, ga na lafiya, ga na tsaro, hasashe kuwa hangen abin da bai zo ba ne tukuna. Ke nan ana raba kuɗin da ba a riga an gani ba. A Nijar, shekaru da dama, wannan aiki ya kasance a hannun ma'aikatar kuɗi da ma'aikatar tsare-tsare, wadda mutanen ƙasar suka fi kira ma'aikatar fasali. Tarihin ƙasar daga 1974 zuwa 1983 ya nuna abin da kan faru idan aka ɗora hasashen ƙasa ɗungum a kan haja guda ɗaya.

Daga gyaɗa zuwa yuraniyom

Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, gyaɗar da ake nomawa a yankunan Maraɗi da Damagaram ita ce babbar hajar da take fitarwa waje, sai dabbobi. Gwamnatin Diori Hamani tana samun kuɗinta ne daga kwastan, da harajin kai, da jangali, da kuma tallafin Faransa. Irin wannan kuɗin shiga ba shi da yawa, kuma talaka yana jin nauyinsa ƙwarai, amma lissafinsa ba shi da wuya. Wanda ya san yawan magidanta da yawan shanu ya san kusan abin da zai tara. Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya rushe wannan lissafi. Dabbobi suka mutu, gyaɗa ta faɗi, kuma ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

Ana cikin haka sai wata ƙofa ta buɗe a arewa. Tun 1957 Faransawa suka gano yuraniyom a yankin Agadas. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, ya fara haƙa a Arlit a 1971. Aka kafa na biyu, COMINAK, a 1974, shi kuma ya fara fitar da kaya a 1978. A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, ƙasashe masu masana'antu suka juya ga makamashin nukiliya don samun lantarki. Ita kanta Faransa ta sanar da babban shirinta na gina tashoshin nukiliya a watan Maris na 1974. Laba ɗaya ta yuraniyom, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo, wadda ake sayarwa kimanin dalar Amurka 6 zuwa 7 a 1973, ta haura dala 40 a 1976. (A nan sai an ce dalar Amurka, domin a bakin Bahaushen Nijar "dala" sefa biyar ce.)

Diori yana cikin neman Faransa ta ƙara kuɗin da take biya ne sojoji suka hamɓarar da shi ran 15 ga Afrilu, 1974. Saboda haka Seyni Kountche ne ya ci gajiyar tashin farashin.

Shekarun wadata

Kuɗin da suka shigo sun ba gwamnatin soja damar yin abin da ta farar hula ba ta iya ba. Ta ƙara albashi, ta ɗauki ma'aikata, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ta soke harajin kai. Babu shakka talakan da ya fito daga fari ya sami sauƙi da wannan mataki. Amma ta fuskar lissafi, gwamnati ta saki igiyar da ke hannunta ta kama wadda bakinta ke hannun wasu. Zuwa 1980 yuraniyom shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na darajar duk abin da Nijar ke sayarwa waje.

Bayan shirin shekara uku na 1976 zuwa 1978, sai aka fito da shirin raya ƙasa na shekara biyar, daga 1979 zuwa 1983. Lissafin da ke ƙarƙashin irin wannan shiri bai da sarƙaƙiya. Ana ɗaukar yawan tan da ake sa ran haƙowa, a ninka shi da farashin da ake sa ran samu, sannan a fitar da kason gwamnati na haraji da riba. Abin da ya fito shi ne ma'aunin abin da za a iya kashewa, kuma shi ne ake nuna wa masu ba da bashi. Masu shirin sun ɗauka cewa haƙa za ta ci gaba da ƙaruwa, har ana shirin buɗe mahaƙa ta uku kusa da Arlit, kuma farashi zai tsaya inda yake ko ya ɗaga. A kan wannan zato aka ci bashi, wani daga bankunan kasuwanci masu kuɗin ruwa mai tsada. A wannan zamani ne aka shimfiɗa hanyar da ta tashi daga Tawa ta bi Agadas zuwa Arlit, wadda ake wa laƙabi da hanyar yuraniyom, aka gina tashar lantarki mai aiki da kwal ta kamfanin SONICHAR a Anu Araren, a Yamai kuma aka gina otal ɗin Gaweye da babban zauren taro da ke kusa da shi.

Bai kamata a ɗauka cewa ma'aikatan da suka yi wannan lissafi ba su san aikinsu ba. Manyan hukumomin makamashi na duniya a tsakiyar shekarun 1970 sun yi hasashen cewa kafin shekara ta 2000 lantarkin nukiliya zai ninka abin da aka samu daga baya sau da yawa. Bankunan da suka ba da rancen su ma sun gaskata haka, in ba haka ba da ba su bayar ba. Inda aibin yake shi ne an tafi da zato guda, ba a yi tanadin abin da za a yi in ya ƙi ci ba, alhali alamu sun fara bayyana: tun kafin 1979 kamfanonin lantarki a Amurka sun fara soke tashoshin da suka yi niyyar ginawa, saboda tsadar gini da kuma raguwar buƙatar wuta.

Yadda lissafi ya warware

Ran 28 ga Maris, 1979, a shekarar farko ta shirin, aka yi haɗari a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka. Soke-soken suka ƙaru. A daidai lokacin kuma sababbin mahaƙai a Kanada da Ostireliya suna shigowa kasuwa. Farashin laba ya sauko ƙasa da dala 30 a ƙarshen 1980, ya ci gaba da gangarawa har ya kai ƙasa da dala 10 a ƙarshen shekarun 1980. Nijar ba ta ji bugun nan take ba, domin ba a farashin kasuwar yau da gobe take sayarwa ba. Ana zama ne lokaci-lokaci da kamfanonin da ke da hannun jari a yanke farashi, kuma sau da yawa yakan fi na kasuwa. Wannan ya rage zafin, amma bai hana masu saye rage yawan abin da suke ɗauka ba. Haƙa ta kai ƙololuwarta a 1981 da tan sama da 4,000, daga nan ta sauko zuwa kimanin 3,000, ta daɗe a nan. Mahaƙa ta uku kuwa ba a buɗe ta ba a lokacin.

Ɓangaren bashi shi ma ya juya. Daga ƙarshen 1979 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa don yaƙi da hauhawar farashi, har ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari a 1981. Dalar Amurka ta yi ƙarfi. Sefa tana ɗaure da kuɗin Faransa, sefa 50 a kan faran ɗaya, saboda haka duk faɗuwar da faran ya yi sai sefa ta bi shi. Dalar da ake canzawa kimanin sefa 210 a 1980 ta wuce sefa 400 a 1984. Wanda ya ci bashin dala ya wayi gari ana binsa ninki biyu a kuɗin gida. Kuɗin shiga zato ne, yana iya zuwa yana iya ƙi. Ranar biyan bashi kuwa rubuce take.

A 1983, shekarar da ya kamata a yi bikin kammala shirin, Nijar ta nemi taimakon Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta kuma je gaban ƙasashe masu binta bashi a birnin Faris don a ɗaga mata wa'adin biya. Maimakon sabon shirin shekara biyar, sai aka yi na wucin gadi na 1984 zuwa 1985. Kamar hakan bai isa ba, damina ta ƙi a 1984, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, abin da ya taɓa ciniki da kuɗin kwastan. A 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya: aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka rufe ko aka sayar da wasu kamfanonin gwamnati. Tsuke bakin aljihun ya kai ga makarantu. Ran 9 ga Fabrairu, 1990, a zamanin Ali Saibou, jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy da ke Yamai, aƙalla uku suka rasu. Shekarun 1990 kuwa ma'aikatan Nijar suna tuna su da bashin albashi na watanni, da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994.

Zagaye na biyu

Sai a 2004 Nijar ta cika sharuɗɗan yafe bashi na ƙasashe matalauta, aka kuma ƙara yafe mata wani a 2006. Ba da jimawa ba kasuwa ta sake tashi. A tsakiyar 2007 laba ta haura dalar Amurka 130. A Janairun 2009 gwamnatin Tandja Mamadou ta sa hannu da kamfanin Areva na Faransa a kan mahaƙar Imuraren, wadda aka ce za ta riƙa ba da tan 5,000 a shekara, ta kai Nijar matsayi na biyu a duniya. Sai ga haɗarin Fukushima a Japan a watan Maris na 2011. A 2014 aka dakatar da aikin Imuraren, a ƙarshen 2016 kuma laba ta faɗi ƙasa da dala 20. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, injiniyan ma'adinai ne da ya riƙe ofishin daraktan ma'adinai daga 1980 zuwa 1985, wato ya ga faɗuwar farko daga kujerar gaba. Ɓarnar ba ta kai ta farko ba, domin bashin da ke kan ƙasar ya yi sauƙi bayan yafewar, kuma tun 2011 an fara haƙo man fetur a Agadem.

Hanyar yin hasashen ita ma ta sauya. An kafa cibiyar ƙididdiga ta ƙasa a 2004. Ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa ta fitar da ƙa'idoji a 2009 da suka wajabta wa kowace gwamnati ta gabatar da hasashen kuɗin shiga da na kashewa na aƙalla shekara uku tare da kasafinta, Nijar kuma ta sa wannan a dokarta a 2012. Duk da haka abin da ke tafiyar da lambobin yana nan a waje ko a sama: farashin duniya, tallafin ƙetare, da ruwan damina. COMINAK ya rufe a watan Maris na 2021 bayan ma'adininsa ya ƙare. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da takunkumin da ya biyo baya, da janyewar masu ba da tallafi, gwamnatin soja ta zaftare kasafin shekarar da kimanin kashi 40 cikin ɗari, daga sefa biliyan 3,291 zuwa biliyan 1,981. A watan Yuni na 2024 ta janye lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano, magajin Areva, shekara 15 bayan sa hannu, ba tare da mahaƙar ta fara fitar da kaya ba.