Ɓangaren ajiya na tarayya tsakanin Windows da Linux a kwamfuta guda

Ana iya girka manyan manhajoji biyu, Windows da Linux, a kan kwamfutar tafi-da-gidanka guda, mai ita ya zaɓi wadda yake so lokacin kunnawa. Batun ya ƙara tasowa tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Ga malamin makaranta a Kurni, ko ɗalibin da ya fito daga Matamaye yana karatu a jami'ar Damagaram, abin tambaya shi ne inda zai ajiye takardunsa ya same su ta kowane gefe.

Yadda ake rabon

Ana raba faifan ajiya gida uku: na Windows, na Linux, da na tarayya don takardu, hotuna da bidiyo. Windows na rubutu da tsarin NTFS, Linux kuwa galibi da ext4. Linux na karanta NTFS, yana kuma rubutu a kai, amma Windows ba ya buɗe ext4 da kansa. Shi ya sa ake yin ɓangaren tarayya da NTFS ko exFAT. Tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce jiga 4. Ana rage girman ɓangaren Windows daga « Gestion des disques », a tsara sauran da GParted.

Inda ake yin hasara

Tun Windows 8 na 2012, abin da ake kira « Démarrage rapide » ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya. Yakan bar ɓangaren NTFS kamar ana kan aiki da shi, sai Linux ya ƙi rubutu a ciki. Idan aka tilasta masa, fayiloli na iya lalacewa. Maganin shi ne a kashe wannan zaɓi daga saitin wuta na Windows.

Ɗaukewar wuta ana tsakar rabo ita ma tana iya cinye komai, musamman ga kwamfutar da batirinta ya mutu. Don haka ake fara kwafe takardu a kile USB, a cika caji. Idan BitLocker ya rufe faifan, sai an adana lambobinsa 48 na ceto kafin a taɓa komai.

Ɓangaren tarayya ba ya zama madadin kwafi: idan faifan ya mutu, duk ɓangarorin ukun tare suke tafiya.