Malaman aro a jami'o'inmu

Jama'a, aron malamai ba yau aka fara ba. Da gwamnatin Ahmed Makarfi ta kafa KASU a 2004, tsofaffin jami'o'i irin su ABU Zariya, wadda aka buɗe tun 1962, ake leƙawa a ɗauko malamai masu ziyara. Jami'o'in tarayya ma haka suke ara wa juna, har IPPIS ya shigo a 2020 ya toshe albashin irin waɗannan malamai. Sai a Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga tsarin.

To, ɗan Ikara ko Kudan mai karanta ilimin halayyar ɗan Adam fa? Malamin aro zai koyar ya wuce. Wa zai duba masa binciken kammala digiri? A ɗauki malamai na dindindin, don Allah.