Kafin Mu Sayi Fili a Bakin Teku, Mu San Maƙwabtan da Za Mu Tarar



'Yan shekarun nan wata magana ta shigo majalisunmu, daga Zangon Agege zuwa abbatuwar Oko-Oba har Mile 12, wato maganar sayen fili a bakin teku. Dillalai na yawo da takardu masu hoton gidaje da itatuwan kwakwa, suna cewa Ibeju-Lekki ce sabuwar Legas, wanda bai saya yau ba gobe sai dai ya gani da ido. Cikinmu akwai waɗanda sun riga sun biya, akwai masu zuba adashi don su biya. Duk inda aka ɗauko zancen kuma sai ya koma gardama. Wasu su ce arzikin wurin man fetur ne, in aka ƙara haƙa rijiyoyi a cikin teku fili zai ƙara daraja. Wasu su ce zamanin mai ya kusa wucewa, wutar hasken rana ce abin yi. Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Wanda zai zauna a gaɓar tekun Legas maƙwabta uku zai tarar: teku, da gwamnati, da mai. Kowannensu yana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi kafin mu zare kuɗi daga aljihu.

Bari mu fara da kanmu. Kakanninmu ba teku ce ta kawo su Agege ba, goro ne da dogo. A da fatake kan tafi Gwanja da jakuna su yi watanni kafin su dawo da goro. Da Turawa suka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Ibadan a 1901, dogon ya isa Kano a 1911, sai ciniki ya juya. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Ikko, daga nan a kai shi Arewa. Bayan haka manoman Yarbawa na Agege da Ota da Ifo da Shagamu suka dasa irin goron da mutanenmu ke so, iyayenmu kuma suka kafa zango kusa da tasha, a kan tudu, inda za a ɗaure huhu a loda a jirgi. Sun zaɓi wuri ne saboda hanya da kasuwa da ƙasa mai ƙarfi. Yau fiye da shekara ɗari muna nan.

Maƙwabci na farko: teku

Duk wanda ya yi Legas kafin shekarar 2000 ya san Bar Beach. Wurin nan teku ta daɗe tana cinsa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera manyan duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. To, a gaɓar nan igiyar ruwa daga yamma take kwaso yashi tana kai shi gabas. Da aka gina katangun duwatsun sai yashin ya riƙa taruwa ta ɓangaren yamma, gabas kuma ta daina samun rabonta, amma igiya ba ta daina kwashe na wurin ba. Haka Bar Beach ta yi ta zaizayewa har aka yi asarar fiye da kilomita guda na ƙasa. Tun 1958 gwamnatoci ke zuba yashi, teku na kwashewa. A farkon shekarun 2000 ruwa kan hau titin Ahmadu Bello ya shiga ofisoshin da ke bakinsa.

Daga nan aka kawo Eko Atlantic. An fara aikin a 2008, aka yi ta ɗebo yashi daga cikin teku ana cike wurin, aka kewaye shi da katangar dutse da kankare. A Fabrairun 2013 Shugaba Jonathan da Gwamna Fashola da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikinsa. Katangar ta kare Victoria Island, wannan gaskiya ne. Amma mutanen ƙauyukan da ke gabas da ita, irin su Okun Alfa inda Alpha Beach take, sun yi ta kukan cewa ruwan ya koma kansu, masu aikin kuma suna musantawa. Abin da ba a musu a kai shi ne teku ta cinye hanya da gidaje da itatuwan kwakwa a wannan yanki, kuma a Agustan 2012 igiya ta afka wa Kuramo da dare ta tafi da mutane fiye da goma. Filayen da ake tallata mana duk a wannan gabashin suke. Ƙari a kan haka, masana sun auna cewa tekun duniya ta ɗaga da kusan santimita 20 daga 1900 zuwa yau, kuma ɗagawar na ƙara sauri. Santimita 20 ba komai ba ce ga mai gida a Agege. Ga wanda ƙofarsa ke kusan daidai da ruwa kuwa, ita ce ke raba tabarma busasshiya da jiƙaƙƙiya.

Maƙwabci na biyu: gwamnati

Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, zamanin Janar Obasanjo, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, galibi ta shekara 99, kuma yana da ikon karɓewa in ya ce aikin jama'a za a yi. A bakin teku an sha ganin wannan iko. A Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba mutanen Maroko kwana bakwai, sannan katafila ta shiga. Kusan mutum 300,000 suka rasa matsuguni. Hujjar da aka bayar ita ce wurin kwari ne, ruwa na cinsa. Bayan an tashe su sai aka cike shi da yashi, yau yana cikin wurare mafi tsada a Najeriya. Otodo Gbame ta bi baya a 2016 da 2017. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mutanen Tarkwa Bay, aka ce ana fasa bututun mai a wurin.

Kada wani ya ce ai talakawa ne kawai abin ke shafa. A 2024 da aka fara titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, an rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark, wanda manyan masu kuɗi ne suka gina, aka kuma rushe gine-gine a Okun Ajah, masu su na ɗaga takardu suna kuka. Haka nan tun 2006 gwamnatin jiha ta keɓe dubban kadada a Ibeju-Lekki don yankin ciniki na musamman. Fili da yawa da 'yan omonile ke sayarwa a can yana cikin ƙasar da gwamnati ta riga ta sa wa hannu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Maƙwabci na uku: mai

Mutane da yawa ba su san cewa neman mai a ƙasar nan kusa da mu aka fara shi ba. Wajen 1908 wani kamfanin Turawa ya haƙa rijiyoyi a yankin Araromi, gabas da tafkin Lekki, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin a 1914. Sai a 1956 aka sami mai na sayarwa a Oloibiri, aka fara fitar da shi waje a 1958. Haƙa a cikin teku ya fara ba da mai a 1965 a filin Okan. A 2005 aka buɗe Bonga, kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Legas kanta ta shiga sahun jihohi masu mai a Mayun 2016, lokacin da kamfanin Yinka Folawiyo ya fara ɗibar mai a filin Aje, kilomita 24 cikin teku ta wajen Badagry. Man bai yi yawa ba, gas ya fi yawa a wurin.

Masu goyon bayan mai a majalisunmu suna da hujja, kada mu raina ta. Matatar Ɗangote da aka ƙaddamar ranar 22 ga Mayun 2023, mai iya tace ganga 650,000 a rana, da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a Janairun 2023, su ne suka ɗaga kuɗin fili a yankin. Mai matatar kuwa tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa. Gidan da ya ɗauko goro ta teku shi ne yau ke ɗauko ɗanyen mai ta teku. Yaranmu direbobin tanka, da masu gadi, da masu sayar da abinci da shayi, da yawa a can suke ci. Motar da ke kawo mana tumatir da shanu daga Arewa da gas take tafiya, ba da rana ba.

Amma mai yana da wata fuskar, kuma mu mutanen Agege mun gan ta da idonmu. Bututun da ke ɗauko mai daga Atlas Cove a bakin teku zuwa Mosimi ta bayan gidajenmu ya wuce. Ranar 26 ga Disamban 2006 ya kama wuta a Abule Egba, mutum fiye da 260 suka ƙone. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu. Wutar ta sake tashi a wannan unguwa a Disamban 2018 da Janairun 2020. A cikin teku ma haka: a Janairun 1998 bututun Idoho a Akwa Ibom ya zubar da kusan ganga 40,000, sannan a Disamban 2011 kwatankwacin haka ya zube a Bonga, masunta suka daɗe suna neman diyya. Kuma duk da shekara sittin da wani abu ana sayar da mai, har yau da janareto muke kwana. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu.

To, masu cewa a koma rana fa? Su ma tarihinsu da daɗi da ɗaci. Madatsar Kainji tun 1968 take ba da wuta ba tare da an ƙona lita ɗaya ba. A 2018 aka fara sa wa shaguna sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a Janairun 2023 kuma aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso. Amma ga injinan iska 37 na Lambar Rimi a Katsina, aikin da aka faro tun Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ya shafe fiye da shekara goma yana jan ƙafa. Faifan sola da batir daga waje ake kawo su, yawanci daga Sin, da dala ake saye. Ranar Legas ba ta kai ta Sakkwato ba, damina ta fi tsawo, kuma a bakin teku iskar gishiri na cin ƙarfe da waya da sauri.

Abin da muka fahimta daga wannan tarihi shi ne gardamar ta haɗa abu biyu da ba a hannu ɗaya suke ba. A haƙa rijiya a teku ko kada a haƙa, Abuja da manyan kamfanoni ne ke yankewa, ba a taɓa tambayar majalisar zango ba. Amma inda za mu binne jarinmu, da abin da za mu ɗora a kan rufinmu, wannan namu ne. Mai na iya ɗaga kuɗin fuloti, amma ba zai ɗaga fulotin daga ruwa ba. Masana ma suna cewa hayaƙin man da duniya ke ƙonawa na cikin abin da ke ɗumama ta har tekun ke ɗagawa. Sola kuwa, duk da tsadarta, tela ko mai injin sanyi da ya lissafa abin da yake zubawa a janareto kowane wata ya san cikin shekara nawa kuɗinsa zai dawo. Masallatanmu da Islamiyyoyinmu da suka sa ta sun ga sauƙin a tarawihi da karatun dare.

Ba mu ce sayen fili a bakin teku haramun ne ba, kuma Agege ma tana shan ambaliya in magudanai suka toshe, kamar yadda aka gani a Yulin 2011. Amma malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu tun muna yara cewa cinikin garari ɓatacce ne, wato sayen abin da ba ka san haƙiƙaninsa ba, ko ba ka da tabbacin zai shiga hannunka. Bahaushe ya kira shi cinikin biri a sama. Fulotin da aka nuna maka a takarda, ba ka taka ba, ba ka san mai shi na asali ba, ya yi kusa da wannan. Kuma kuɗin da za a zuba ba na mutum ɗaya ba ne, gobe gādo ne, haƙƙin mata da marayu ne. Mun ga yadda rabon gādo ke tsayawa shekara da shekaru saboda fili mai rikici.

Don haka wanda ya ƙudurta saye, ga shawararmu. Ya je wurin da ƙafarsa a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, kada ya je da rani kawai. Ya tambayi tsofaffin masunta inda bakin ruwa yake suna yara da inda yake yau, gani ya kori ji. Ya ɗauki mai awon fili nasa na kansa, ya kai awon ofishin ƙasa da ke Alausa a duba ko wurin na cikin ƙasar gwamnati, ko kan hanyar titi, ko kan bututu. In an ce ƙauyen gwamnati ta yanka masa ƙasa, ya nemi ganin lambar gazet. Ya rubuta ciniki a gaban lauya da shaidu, ya gaya wa iyalinsa inda takardun suke. Kuma kada ya sayar da gidan zango ko ya karya jarin kasuwa don wannan. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duk wannan bincike ba, gara ya gyara rufin da yake ciki, ya ɗora faifai biyu ko uku, ya huta da hayaƙi.

Muna kuma roƙon fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su nemi lauya ɗaya da mai awo ɗaya amintattu da duk ɗan zango zai iya zuwa wurinsu kafin ya biya kuɗin fili, a ko'ina ne a Legas. Kuɗin da za a kashe a kan haka bai kai asarar mutum ɗaya ba.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da zuriyarmu, Ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.