Gobarar Schiphol Da Haƙƙin Mai Riƙe Da Makulli

A gefen filin jirgin saman Schiphol da ke kusa da Amsterdam, gwamnatin Holan ta kafa wani gidan tsaro a shekarar 2002. Da gaggawa aka harhaɗa shi, da ɗakunan da aka ƙera a masana'anta aka zo aka jera su. Asalin abin da ya sa aka yi shi masu haɗiyar hodar iblis ne da suka yi yawa a filin jirgin, daga baya aka riƙa zuba baƙin da ba su da takardu, masu jiran ranar da za a tasa ƙeyarsu gida. A watan Nuwamban wannan shekarar ta 2002 wuta ta taɓa tashi a ginin. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, hukuma kuma ba ta ɗauki darasin yadda ya kamata ba.

Daren 26 zuwa wayewar garin 27 ga Oktoban 2005, gab da tsakar dare, wuta ta kama a ɗaki na 11 a sashen da ake kira K. Masu gadi biyu suka sheƙo, suka buɗe ƙofar, suka ciro mutumin ciki, wani ɗan Libiya, jikinsa duk ƙuna. Sai dai sun bar ƙofar a hangame. Ni da na yi shekaru a aikin kwana-kwana, wannan wurin ne ya fi yi mini ciwo, domin abu na farko da ake koya wa sabon ɗauka shi ne: ka ciro mutum, ka ja ƙofa. Wuta da iska take ci. Ban ga laifin masu gadin ba kamar na waɗanda suka damƙa musu rayuka ba tare da isasshen horo ba.

Hayaƙi ya cika baranda cikin mintuna. Ba wani maɓalli guda da zai buɗe ƙofofin gaba ɗaya, dole sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da makulli, ido na hawaye, ƙirji na tuƙuƙi. Tagogin rufin da aka yi domin su fitar da hayaƙi ba su buɗe ba. Cikin ɗakuna 26 masu gadi suka samu buɗe 21 kafin zafi ya kore su. Motocin kashe gobara da suka iso suka ɓata lokaci a shinge da ƙofofin tsaro, domin duk tsarin wurin an yi shi ne don kada kowa ya fita, ba a yi tunanin ranar da za a so wani ya shigo da gudu ba. Mutum 11 suka rasu. Ba zaman hukunci suke yi ba, jirgi kawai suke jira.

Ministar baƙi ta lokacin, Rita Verdonk, ta yi saurin cewa ma'aikata sun yi abin da ya dace. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar, ƙarƙashin Pieter van Vollenhoven, ta fitar da rahotonta ranar 21 ga Satumban 2006, ta ce da hukumomi sun kula da ƙa'idojin gobara, da mamatan ba su kai haka ba, ko ma ba a rasa kowa ba. A ranar ministan shari'a Piet Hein Donner da ministar gidaje Sybilla Dekker suka ajiye muƙamansu, haka ma magajin garin Haarlemmermeer, wanda ƙaramar hukumarsa ce ta ba da izinin ginin.

Ba Holan kaɗai ba ce. A Ingila, gidan tsare baƙi na Yarl's Wood ya ƙone a Fabrairun 2002, wata uku da buɗe shi, bayan an ƙi sa bututun yayyafa ruwa duk da shawarar 'yan kwana-kwana. A Yeosu ta Koriya ta Kudu mutum 10 suka mutu a 2007. Mafi muni cikinsu a Ciudad Juárez ta Meziko, ranar 27 ga Maris ɗin 2023, inda mutum 40 suka rasu, hoton bidiyo kuma ya nuna masu gadi suna ficewa ba tare da sun buɗe ƙofar ba. A yawancin waɗannan wurare za ka ji an ce ai wani daga cikin tsararrun ne ya cinna wa katifa wuta. Ko da haka ne, duk wanda ya tara mutanen da suka fid da tsammani a ɗaki ɗaya ya san wata rana hakan zai faru, kuma a kan sanin haka ya kamata ya yi gininsa. Mutumin da ka kulle ba zai iya ceton kansa ba, ransa ya zama amana a hannunka.

Mu ma abin ya shafe mu, tunda 'yan'uwanmu da suka bi hanyar Agadez suna kwana a irin waɗannan ɗakuna a Libiya, wasu kuma a Shumaisi tsakanin Jidda da Makka. Jami'an jakadancinmu da ke kai musu ziyara su riƙa tambayar yadda ƙofa ke buɗewa da dare, da wanda ke riƙe da makullin.

Shi kuwa ɗan Libiyan nan, an ɗaure shi a 2007 bisa zargin jefar da guntun sigarin da ya tada wutar, kotu ta wanke shi a 2013. Shi kaɗai ne aka taɓa gurfanarwa a kan gobarar.