Rayuwar iyali a motar tafi-da-gidanka

Rayuwar iyali a motar tafi-da-gidanka wani salon zama ne da iyaye ke barin gidansu na ƙasa, ko su sayar da shi ko su ba da shi haya, su tare da 'ya'yansu a cikin mota mai wurin kwana da kicin da banɗaki, suna yawo daga wuri zuwa wuri na tsawon watanni ko shekaru. Ya bambanta da yawon hutu, domin mai hutu yana da gidan da zai koma, su kuwa waɗannan motar ce gidan. An fi samun irin wannan zama a Amurka, Kanada, Ostireliya, New Zealand da yammacin Turai, inda akwai tituna masu kyau da sansanonin da aka tanada don irin waɗannan motoci.

Suna

Turawan Ingila suna kiran motar motorhome, wato haɗin kalmar mota da kalmar gida. A Amurka an fi cewa RV, sunan da ya haɗa har da ɗakunan da ake ja da wata mota. Jamusawa suna cewa Wohnmobil, daga aikatau wohnen mai nufin zama a wuri. Faransawa kuwa camping-car suke cewa, kalmomin Ingilishi biyu da suka haɗa da kansu, waɗanda su masu harshen ba su saba haɗa su haka ba. A Hausa "motar gida" ba ta dace ba, saboda an riga an san ta da nufin motar da ba ta haya ba. Tafi-da-gidanka, da ake faɗa wa wayar hannu da kotun da ke zagayawa, ya fi dacewa, kuma a nan ne ma'anarsa ta zahiri ta cika.

Tarihi

Kafin zuwan mota, likitan nan ɗan Sikotilan William Gordon Stables ya sa an ƙera masa ɗakin da dawakai ke ja mai suna The Wanderer, ya yi yawo da shi a Birtaniya a 1885. A 1907 aka kafa ƙungiyar Caravan Club a can. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow na Amurka ya nuna wata mota mai suna Touring Landau wadda kujerar bayanta ke zama gado. Tafiyar iyali da ta fara yin suna ita ce ta attajiri Roland Conklin, wanda a 1915 ya ɗauki iyalinsa daga Huntington a jihar New York zuwa San Francisco a cikin wata bas da aka mayar gida, mai kicin da gadaje da janareta. A 1919 masu yawo da mota suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Florida.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya sauko zuwa ga masu matsakaicin hali. A Jamus kamfanin Westfalia ya fara mayar da ƙananan bas na Volkswagen wurin kwana a farkon shekarun 1950. Kamfanin Winnebago na garin Forest City a jihar Iowa ya fitar da motarsa ta farko a 1966 a kan farashi mai rahusa, har sunansa ya zama sunan kowace irin wannan mota a bakin Amurkawa da yawa, kamar yadda Omo ya zama sunan garin sabulu a bakin Hausawa. A 1978 Joe da Kay Peterson suka kafa ƙungiyar Escapees don waɗanda ba su da wani gida sai motarsu.

Shekaru da dama tsofaffi masu ritaya ne suka fi yawa a wannan rayuwa. Intanet da aikin da ake yi daga nesa ne suka buɗe ƙofa ga matasan iyaye, annobar korona ta 2020 kuma ta ƙara ingiza su. A 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motoci da ɗakunan ja sama da 600,000, mafi yawansu daga yankin Elkhart na jihar Indiana.

Ire-iren motocin

A Amurka ana kasa su uku. Rukunin A su ne manya masu siffar babbar bas, tsawonsu daga kusan mita 8 zuwa 14. Rukunin B ƙananan bas ne da aka gyara cikinsu, sukan yi wa iyali kaɗan. Rukunin C suna tsakiya, ana gane su da gadon da ya fito a saman wurin direba, wanda galibi yara ne ke kwana a kai. Wasu iyalan sukan sayi tsohuwar bas ɗin makaranta mai ruwan ɗorawa su cire kujeru su gina ɗakuna da hannunsu. Wasu kuma sun fi son babban ɗaki mai taya da a-kori-kura ke ja, musamman mai gadaje hawa biyu a baya.

Motocin Turai sun fi ƙanƙanta, kuma dalilin doka ne. Lasisin tuƙi na gama-gari a Tarayyar Turai da Birtaniya ya tsaya ne a nauyin kilo 3,500. Motar kanta takan cinye mafi yawan wannan nauyi, abin da ya rage 'yan ɗaruruwan kilo ne, a ciki kuwa za a lissafa mutane, ruwa, tukunyar gas, abinci, kekuna da littattafai. Tankin ruwa mai lita 100 kaɗai kilo 100 ne. Shi ya sa iyali mai yara uku kan kai motarsu ma'auni kafin su tashi, domin wuce nauyi yana jawo tara, kuma yana iya ba kamfanin inshora hujjar ƙin biya idan an yi haɗari.

Ruwa, wuta da banɗaki

Yawancin aikin yau da kullum a kan ruwa yake. Motar Amurka tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. A Turai banɗaki yana da ƙaramin akwati na kusan lita 20 da ake zarowa a kai wurin zubarwa, kuma iyali mai mutum huɗu kan cika shi a kwana ɗaya ko biyu. Yara suna koyon wanka da ruwa kaɗan: a jiƙa jiki, a rufe famfo, a goga sabulu, sannan a ɗauraye. Mai jariri ya fi kowa jin jiki, saboda wankin kayansa da tafasa kwalabe. Wanki kuwa sai an nemi shagon injin wanki a gari ko a sansani.

A sansani ana jona motar da wutar lantarki. A daji sai farantan sola, batir da janareta. Da gas ake girki, da shi ake ɗumama ɗaki, wani lokaci har firji da shi yake aiki. Lokacin sanyi numfashin mutane da tururin girki suna taruwa a jikin tagogi da bango, danshin ya haifar da fumfuna, abin da ke tayar wa yara masu asma ciwo. Yawancin waɗannan motoci don hutun 'yan makonni aka ƙera su, har wasu kamfanoni kan rubuta cewa garantinsu bai shafi wanda ya mayar da motar gidan dindindin ba. Idan kuma ta lalace aka kai ta gareji, iyalin sun rasa mota da gida a rana ɗaya.

Lafiyar yara a hanya

Babbar matsalar masu ƙananan yara ita ce wurin zamansu lokacin tafiya. Kujerar jariri ta mota an ƙera ta ne don a ɗaure ta a kujera mai fuskantar gaba wadda ke manne da ƙarfen motar. A cikin manyan motocin Amurka da yawa kujerun baya benci ne na katako a gefen teburin cin abinci, wasu suna fuskantar gefe ko baya, ko da akwai bel a jikinsu. Ga kuma kabad da kayan kicin da kan iya ɓallewa idan an yi karo. Wannan ne ya sa masu ba da shawara kan kujerun yara ke cewa a sa yara a mota ta biyu, ko kuma a zaɓi ɗakin ja, yara su zauna a cikin a-kori-kurar. Hotunan da ake yaɗawa na yara kwance a gado mota na tafiya suna nuna abin da dokar ƙasashe da dama ta hana.

Haɗari na biyu shi ne iskar guba marar wari da ke fita daga janareta ko murhun gas, wadda ke kashe mutane suna barci, don haka ana sa na'urar da ke ƙara idan ta ji ta. Rigakafi da awon yara ma sai da shiri. Iyalai da yawa kan tsara hanyarsu ta yadda za su bi ta wurin likitansu sau ɗaya ko biyu a shekara. A Amurka inshorar lafiya sau da yawa tana ɗaure da jiha ɗaya, idan an fita daga cikinta ba ta biyan komai sai na gaggawa.

Karatu

Tun da yaran ba sa daɗewa a gari ɗaya, iyaye ne ke koyar da su, ko su yi karatu ta intanet. Doka a nan ta bambanta ƙwarai. Karatun gida halal ne a dukkan jihohin Amurka 50, sai dai Texas ba ta neman iyaye su sanar da hukuma, New York kuwa tana neman tsarin karatu na shekara da rahoto sau huɗu. A Ingila doka ta ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da yaro, a makaranta ko ta wata hanya. Jamus ta wajabta zuwa makaranta, ana cin tarar iyayen da suka ƙi, shi ya sa Jamusawan da ke son wannan rayuwa kan soke rajistar zamansu su fita ƙasar. Faransa tun 2022 sai da izini, kuma yawon iyali yana cikin dalilan da doka ta amince da su. A Ostireliya, inda iyalai ke zagaye ƙasar a kan babbar hanya ta 1 mai tsawon kusan kilomita 14,500, akwai makarantun karatu daga nesa na jihohi.

Masu goyon baya suna cewa hanyar kanta makaranta ce: yaro ya ga dutse mai aman wuta ko filin yaƙi da idonsa maimakon a littafi. Gandayen daji na ƙasa a Amurka suna da shirin Junior Ranger, inda yaro ke cike ɗan littafin aiki a ba shi lamba. Wannan yana da amfani ga ɗan firamare. Lissafi da kimiyyar sakandare kuwa suna buƙatar zama da natsuwa da malami, kuma a nan ne ake ganin bambanci tsakanin iyayen da suka ɗauki abin da gaske da waɗanda suka bar wa hanya.

Adireshi da wurin kwana

Lasisi, inshora, haraji, banki da zaɓe duk suna neman adireshi. Amurkawa da yawa kan yi rajista a Texas, Florida ko South Dakota, jihohin da ba sa karɓar harajin albashi, su biya kamfanin da zai karɓi wasiƙunsu ya tura musu. Ƙungiyar Escapees tana yin wannan aiki a garin Livingston na Texas.

A filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su a yammacin Amurka ana iya kwana kyauta, galibi har kwana 14, sannan a tashi. Garin Quartzsite na Arizona yana cika da dubban motoci lokacin sanyi. Faransa da Jamus suna da wuraren tsayawa masu araha a garuruwa da ƙauyuka. 'Yan Birtaniya tun 2021 ba sa wuce kwana 90 cikin kowane 180 a yankin Schengen ba tare da biza ba, don haka wasu kan tsallaka Maroko ko Turkiyya su jira.

Kuɗi

Ana yawan cewa wannan rayuwa ta fi zaman gida araha, amma ya dogara da yawan tafiya. Babbar mota tana shan lita 25 zuwa 35 a kilomita 100, kuɗin sansani kullum ƙaruwa yake, darajar motar kuma raguwa take kowace shekara. Iyayen sukan yi aikin kwamfuta daga nesa, ko aikin jinya na kwantiragin mako 13, ko aikin gona na kaka, ko su kula da sansani a ba su wurin tsayawa. Tun 2022 intanet na tauraron ɗan adam na Starlink ya sauƙaƙa aiki daga daji.

Suka

Abin da aka fi suka shi ne rashin tsayayyun abokai da rashin sirri. Ƙaramin yaro iyayensa sun ishe shi, amma wanda ya fara balaga yana son ɗaki mai ƙofa da abokan da zai gani gobe, kuma a wannan matakin ne iyalai da dama ke komawa gidan ƙasa. Ƙungiyoyi irin su Fulltime Families suna shirya taruka don yara su haɗu, wasu iyalan ma sukan yi ayari su tafi tare.

Akwai kuma batun iyayen da ke neman kuɗi da bidiyon 'ya'yansu a YouTube da Instagram. Faransa ta yi doka a kan haka a 2020. Jihar Illinois ta bi baya da dokar da ta fara aiki a Yulin 2024, wadda ta ce a ajiye wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 kasonsa idan yana fitowa sosai a bidiyon da ke kawo kuɗi.

Ba kowa ne ya shiga mota da son ransa ba. A biranen Amurka irin su Los Angeles akwai iyalan da tsadar haya ta kora zuwa tsofaffin motoci a bakin titi. Littafin Nomadland na Jessica Bruder na 2017 ya ba da labarin tsofaffin da talauci ya tura kan hanya, fim ɗin da Chloé Zhao ta yi daga gare shi kuma ya ci kyautar Oscar a 2021. A Turai al'ummar Roma da matafiyan Ayilan sun daɗe suna renon 'ya'yansu a ɗakunan ja, suna fama da kora da ƙarancin wurin sauka. A 2022 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta mayar da zama a mota a filin wani ba da izini ba laifi a Ingila da Wales, idan an ce a tashi aka ƙi kuma zaman ya jawo ɓarna ko damuwa, har ta ba 'yan sanda ikon kama motar.